Duwatsun da ke faɗowa daga sama: daga ina suke, kuma wa ke cin ribarsu?

Daga Damagaram

Tun ranar da labari ya bazu cewa an saida wani dutse na ƙasar Nijar a Amurka kan kuɗi kusan miliyar 3 na sefa, ba mu huta da tambayoyi ba a gidan rediyo. Wata Hajiya mai saida kayan miya, wadda ke cin kasuwa tsakanin Zermu da Mirriya, ta kira mu ta ce: "Ɗana, ka faɗa mini tsakani da Allah. Yarona ya bar mini rumfa, kullum yana daji yana tsintar baƙaƙen duwatsu, har ya cika mini ɗaki da su. Arziki ne ko wahalar banza?" Wani Alhaji kuma ya tare mu a kasuwar Dole, shi damuwarsa daban ce. Ya ji an ce wani ƙaton dutse na tafe zai faɗo wa duniya a shekara ta 2029, shi ne yake tambaya ko ya ci gaba da ginin da ya fara.

Jama'a, tambayoyin nan biyu amsarsu guda ce, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane ta. Ba a taya kaya sai an san inda suka fito da hanyar da suka biyo. Duwatsun nan suna da mafari, suna da hanya, kuma yau masana na iya bin sawunsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku bayanin dalla-dalla, don kada a cuce mu wajen ciniki, kada kuma a tsorata mu da jita-jita.

Dutsen Agadas

An tsinci dutsen ne ran 16 ga watan Nuwamba na 2023 cikin hamadar jihar Agadas, wajen Shirfa, can yankin Jado inda samarinmu da yawa suka je neman zinariya tun daga 2014. Nauyinsa kilo 24 da giram 670, wato kamar rabin buhun shinkafa. Daga hannun mutanen yankin ya shiga hannun wani dillali na ƙasar waje, ya sauka Italiya, daga nan kuma ya ƙetare zuwa birnin Niyu Yok. Ran 16 ga watan Yuli na 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya saida shi kan dalar Amurka miliyan 4 da dubu 300. Da aka haɗa da la'ada da sauran kuɗaɗe, sai da mai saye ya biya miliyan 5 da dubu 300. In aka raba, kowane giram ya tashi wajen jika 120, ninki biyu ke nan na kuɗin zinariya a wancan lokaci. Ba a bayyana sunan mai saidawa ba, ba a bayyana na mai saye ba.

Abin da ya sa ya yi wannan tsada shi ne, ɓallin duniyar Mars ne, wadda malamanmu ke kira Mirrihi. Cikin duwatsun sama sama da 77,000 da aka yi wa rajista a duniya, wajen 400 kawai ne suka fito daga can, kuma na Agadas ya fi su duka girma.

Bayan cinikin, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike don sanin yadda dutsen ya fita, ta kuma dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar. Shi kuwa kamfanin gwanjon cewa ya yi an bi duk ƙa'idojin da suka kamata. Ba mu ne za mu yanke hukunci ba. Sai dai duk wanda ya taɓa saida fata a Damagaram, ya kuma ji kuɗin jakar da aka ɗinka da ita a Turai, ya san irin wannan ciniki. Ko sunan garinmu dutsen bai ɗauka ba. A al'ada, dutsen sama sunan garin da ya faɗi kusa da shi yake ci, amma wannan lamba aka ba shi, NWA 16788, haruffan kuwa suna nufin arewa maso yammacin Afirka ne kawai.

Akwai mai sunan garinmu

Mutum nawa ne a Birni ko Zango suka san cewa cikin rajistar duwatsun sama ta duniya akwai wanda ake kira Zinder? A 1999 aka tsince shi cikin wata gona a bayan gari. Giram 46 ne kacal, kamar nauyin ƙwai guda, amma irinsa ba ya da yawa. In aka yanka shi, ƙarfe ne fari mai ƙyalli, da ƙwayoyin dutse masu launin tsanwa-tsanwa a warwatse a ciki, kamar gyaɗa cikin alewa. Wani mai tara duwatsu ya saye shi, yau kuma masanan ƙasashen waje ne ke nazarinsa.

Maƙwabtanmu ma suna da nasu. Ran 3 ga watan Oktoba na 1962, a ƙauyen Zagami na lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa sai ya ji wata irin ƙara, iska ta buge shi, abu ya faɗi bai fi mita 3 daga inda yake tsaye ba. Da hankalinsa ya komo ya leƙa, sai ga baƙin dutse cikin rami mai zurfin fiye da kamu ɗaya. Kilo 18 ne, aka kai shi Kaduna. Daga baya aka gano shi ma daga Mirrihi ya fito, kuma shi ya daɗe yana riƙe da kambun girma kafin na Agadas ya bayyana.

Haka kuma wani ya faɗo a Birnin Konni a 1923. Wani mai kilo 110 ya faɗo a Tazarzait ta jihar Tawa ran 21 ga watan Agusta na 1991. Wani ya faɗo a Kilabo kusa da Haɗeja a watan Yuli na 2002, wani kuma wajen Maigatari ran 1 ga watan Agusta na 2004, nan bakin iyaka inda fatakenmu ke kai dabbobi. Na Gujba da ke Yobe, wanda ya faɗo a watan Afrilu na 1984, ya kai wajen kilo 100, amma mutane suka farfasa shi, kowa ya ɗauki ɗan guntu don yin laya. Ga shi kuwa yana cikin irin da ba a cika samu ba a duk duniya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba wai ƙasarmu ta fi sauran ƙasashe samun wannan jifa ba ne. Ko'ina suna faɗowa, mafi yawa ma cikin teku. Hamada ce ke adana su saboda babu ruwan da zai sa su tsatsa, kuma baƙin dutse bisa farin rairayi ba ya ɓuya.

Rumbun da suke fitowa

Ƴan uwa mata, ku ɗauki faifai ku duba yadda aka saƙa shi, zobe bayan zobe. Ku ɗauka tsakiyarsa rana ce, kowane zobe kuma hanyar wata duniya ce da ke kewaya ta. Tamu duniyar ita ce ta uku, tana nesa da rana da kilomita miliyan 150, tana gama kewayenta cikin shekara guda. Mirrihi ce ta huɗu. Ta biyar ita ce Jupita, wadda ake kira Mushtari, uwar girma, da ta fi duk sauran duniyoyin nauyi ko an haɗa su wuri ɗaya, ita kuma sai ta yi kusan shekara 12 kafin ta gama kewaye guda.

To, tsakanin ta huɗu da ta biyar akwai fili mai faɗi ƙwarai, a nan ne duwatsun suke, kowane na kewaya rana a tasa hanya. A lissafin masana, ragowar kayan gini ne tun lokacin da duniyoyin suka haɗu, shekaru wajen miliyan 4,500 da suka wuce. Ƙarfin jan Mushtari ne ya hana su dunƙulewa su zama duniya guda. Babbansu, mai suna Seres, wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, ya fara hango shi ran 1 ga watan Janairu na 1801. Faɗinsa kilomita 940, ya ɗan fi nisan Damagaram zuwa Yamai. Waɗanda faɗinsu ya kai kilomita guda sun haura miliyan ɗaya, ƙananan kuwa sai Allah.

Da a ce kowane dutse zai tsaya a hanyarsa, da babu ruwanmu da su. Abubuwa uku ne ke fid da su.

Na farko karo ne. Wani lokaci biyu kan yi taho-mu-gama, su tarwatse. Ɗan dutsen Zinder shaida ne. Mahaifinsa wani babban dutse ne da ya taɓa narkewa don zafi, ƙarfe mai nauyi ya nutse tsakiya, mara nauyi ya taso sama, kamar yadda tsakuwa ke kwantawa ƙasan ƙwarya in ana regayar shinkafa. Kafin a samu guntun da ƙarfe da dutse suka cakuɗa haka, sai da wani karo mai tsanani ya fasa uwar.

Na biyu zafin rana ne, kuma shi ne ya fi ban mamaki. Duk wanda ya zauna kusa da manyan duwatsun Birni ya san ba da tsakar rana suka fi zafi ba, sai wajen la'asar, kuma har bayan magariba suna ta huci. Haka dutsen sama yake. Yana juyawa, ɓangaren da ya sha rana yana fid da zafinsa daga baya, kuma wannan hucin yana tura shi kaɗan, turin da bai kai na numfashin jariri ba. Wani injiniya na ƙasar Rasha mai suna Ivan Yarkovsky ya fara kawo wannan tunani wajen 1900, ba a tabbatar da shi da awo ba sai a 2003. Wani dutse mai suna Bennu, mai faɗin kusan mita 500, an auna an ga hanyarsa na gusawa da mita 280 da ƴan kai kowace shekara. Abin kamar wasa. Amma a ninka shi sau miliyan a gani. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku shi ne Mushtari. Ku tuna yaro bisa lilo. In ana tura shi barkatai ba ya zuwa ko'ina, amma in kowane turi ya zo daidai lokacin da ya dawo, ko da ɗan yatsa ne sai ya yi sama. Akwai wani layi cikin filin nan inda dutse ke gama kewayensa cikin shekara 4, wato ya yi uku daidai lokacin da Mushtari ta yi ɗaya. Saboda haka kullum a wurare guda suke haɗuwa, kullum ta fizge shi ta gefe guda. Sannu a hankali hanyarsa da ke zagaye kamar faifai sai ta miƙe ta koma siffar ƙwai, bakinta ɗaya ya kutso ciki ya ƙetare hanyar Mirrihi, daga baya ya ƙetare tamu. Tun a 1866 wani Ba'amurke mai suna Daniel Kirkwood ya lura cewa irin waɗannan layuka fayau suke, kamar an share. Akwai wani layin kuma a bakin filin ta ciki, inda duniyar Zuhal ke yin irin wannan aiki.

Ga yadda abin ke tafiya ke nan: karo ya fasa dutse, zafin rana ya yi ta tura gutsattsarin shekara da shekaru har su faɗa layin Mushtari, ita kuma ta cillo su wajenmu.

Baƙi ne, ba ƴan gari ba

A 1898 aka gano dutse na farko da ke kusanto mu, aka sa masa suna Eros. A 1932 aka gano Apollo, na farko da aka ga hanyarsa ta ƙetare ta duniyarmu. Yau waɗanda aka sani suna kusantar duniya sun haura 35,000, kuma kusan kowane dare na'urorin hangen nesa na ƙara gano wasu.

Sai dai ƙetare hanya daban, karo daban. Motoci nawa ne ke bi ta mararrabar Takeita kullum ba tare da sun haɗu ba? Sai biyu sun iso wuri guda a lokaci guda. Duniyarmu na gudun kilomita 30 cikin daƙiƙa ɗaya, cikin minti 7 ta bar gurbin da take gaba ɗaya. Bayan haka yawancin hanyoyin duwatsun a karkace suke, suna wucewa ta sama ko ta ƙasa da tamu.

Dutsen da ya shigo wannan yanki ba ya daɗewa. Duk lokacin da ya gifta kusa da wata duniya sai ta karkata masa hanya, har a rasa inda zai dosa nan da ƴan ɗaruruwan shekaru. Cikin shekaru kamar miliyan 10, wanda a lissafin sama kwanan zango ne, mafi yawansu rana ke haɗiye su, wasu Mushtari ta wurga su can waje ba su sake dawowa, kaɗan ne ke faɗa wa wata duniya. Da ba don rumbun na ci gaba da turo sababbi ba, da tuni sun ƙare.

Irin wannan faɗuwar ce ta kawo mana dutsen Zagami da na Agadas. Wani dutse ya daki Mirrihi da ƙarfin da ya sa ɓaraguzanta suka yi tsalle suka fita sarari, suka shiga kewaya rana su ma. Na Zagami ya yi wajen shekara miliyan 3 yana yawo kafin ya sauka gonar Bakatsine. In kun ce yaya aka san daga can yake, to a 1976 kumbon Amurka mai suna Viking ya sauka bisa Mirrihi ya auna iskarta. Da aka bincika ƴan kumfan iskar da suka maƙale cikin dutsen Zagami, sai aka tarar iri ɗaya ce. Har ma a 1996 an liƙa ɗan ɓarɓashinsa jikin wani kumbo da aka harba zuwa Mirrihi, baƙo ya koma gida.

Wane ne abin tsoro?

Kullum tan gommai na ƙura da tsakuwa ke shigowa iskar da ta lulluɓe duniya, suna ƙonewa tun daga sama. Shi ne hasken nan da muke gani da dare mu ce tauraro ya faɗi, alhali sau da yawa abin bai fi ƙwayar hatsi ko ta gyaɗa ba. Abin da malamanmu suka karantar game da wannan haske yana nan, fagensu ne. Mu abin da aka auna muke kawowa.

Ran 6 ga watan Oktoba na 2008, wani mai duban sama a Arizona ta Amurka ya hango wani dutse mai faɗin mita 4. Aka yi lissafi aka ce gobe da asuba zai shigo ta arewacin Sudan. Haka kuwa aka yi, ya fashe a sama ran 7 ga wata, a wurin da aka faɗa, a lokacin da aka faɗa. Wannan ne karo na farko da aka ga dutse tun kafin ya iso. A watan Disamba malaman jami'ar Khartum da ɗalibansu suka shiga hamada a jere, suka yi ta tsintar gutsattsarin, har aka tara wajen 600. Ku lura da kyau, ƴaƴan ƙasar ne suka tsinta, jami'arsu ta san abin da aka samu.

Wanda ya yi ɓarna shi ne na garin Celiyabinsk a Rasha, ran 15 ga watan Fabrairu na 2013. Faɗinsa wajen mita 20, gudunsa kilomita 19 cikin daƙiƙa, wato Damagaram zuwa Kano kafin ka gama ƙirga goma sha biyar. Ta wajen rana ya ɓullo, don haka babu wanda ya gan shi. Ya fashe a sama, mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawancinsu saboda sun ruga taga kallon haske, sai ƙarfin fashewar ya iso daga baya ya watsa musu gilashi. Darasin a nan shi ne, wanda ya ga haske mai tsanani a sama ya nisanci taga da gilashin shago na ƴan mintoci.

Manyan kuwa sun bar tabo. Fatakenmu na goro da suka san Kumasi, wataƙila sun ji labarin tabkin Bosumtwi da ke kusa da garin. Ramin dutsen sama ne mai faɗin kilomita 10 da rabi, ya yi wajen shekara miliyan ɗaya. A arewacin Cadi ma akwai na Aorunga. Mafi muni shi ne wanda ya faɗi a Meziko shekaru miliyan 66 da suka wuce, mai faɗin kilomita 10, wanda ya kawo ƙarshen manyan dabbobin nan da ake ganin ƙasusuwan danginsu a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai.

Hankalinmu zai iya kwanciya ta wannan gefe, don an riga an gano fiye da kashi 90 cikin 100 na masu faɗin kilomita guda zuwa sama, kuma babu wanda ya nufo mu cikin shekaru ɗari masu zuwa. Aikin da ya rage na matsakaita ne, masu mita 140 zuwa sama, waɗanda za su iya shafe babban gari, don har yanzu da yawansu ba a gano su ba.

A ƙarshen Disamba na 2024 an gano wani mai faɗin wajen mita 60, mai lamba 2024 YR4. A watan Fabrairu na 2025 aka ce yiwuwar ya faɗo a 2032 ta kai kashi 3 cikin 100, kuma layin da ake tsoro ya ratsa ta Afirka har da Najeriya. Wayoyi suka ɗauka. Cikin mako guda, da aka ƙara samun awo, sai lissafin ya koma kusan sifiri. Haka abin yake a kullum. Sabon dutse kamar mota ce da aka hango ƙurarta daga nesa, sai ta ƙara matsowa ake sanin layin da take.

Kuma ba a zauna hannu rabbana ba. Ran 26 ga watan Satumba na 2022, hukumar NASA ta Amurka ta sa wani kumbo mai suna DART ya daki wani dutse mai faɗin wajen mita 160, da gangan, a nisan kilomita miliyan 11. Dutsen yana kewaya wani babba ne cikin awa 11 da minti 55, bayan dukan sai kewayen ya ragu da fiye da rabin awa. An tabbatar ke nan cewa in an ga dutse da wuri, ɗan turi kaɗan ya isa ya sa ya kuskure mu.

Daren Juma'a, 13 ga Afrilu 2029

Yanzu ga amsar Alhaji. Dutsen da kake jin labari sunansa Apofis, faɗinsa wajen mita 340. A 2004 aka gano shi, kuma a ƙarshen wannan shekara an ɗan tsorata, don lissafin farko ya ba da kusan kashi 3 cikin 100 na karo a 2029. An daɗe da soke wannan. A 2021, bayan sabon awo, masana suka tabbatar ba zai taɓa mu ba har nan da shekara ɗari aƙalla.

Abin da zai faru shi ne zai wuce kusa ƙwarai, kilomita 32,000 daga doron ƙasa. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na nisan wata ba, ya ma fi taurarin ɗan Adam masu kawo mana hotunan tele kusa. Mu nan Afirka muna cikin waɗanda za su gan shi da ido, ba tare da wata na'ura ba. Zai fito kamar matsakaicin tauraro yana tafiya a hankali tsakanin sauran, babu wuta, babu wutsiya, babu ƙara, kuma zai fi kusa wajen ƙarfe 11 saura kwata na dare agogon Nijar. Lokacin bazara ne, kowa na kwana waje, ga shi ƙarshen wata ne babu farin wata. Shi ne ma zai ji jiki, don jan duniyarmu zai canza masa hanya, kewayensa na kwana 324 ya koma sama da kwana 420. Abin da muka yi ta bayani a sama, a daren nan za mu gan shi da idonmu.

Dalilin da ya sa muke faɗa tun yanzu shi ne, ranar za ta zo kamar kwana goma kafin sallar layya, lokacin da kasuwar raguna ke ci sosai. Mun san halin jita-jita. Za a samu masu cewa duniya ta zo ƙarshe, da masu saida maganin tsari, da masu jiran wani ya firgita ya karyar da kayansa su saye da araha. Sanin ranar tashin duniya na Allah ne shi kaɗai. Alhaji, ka ci gaba da gininka.

Ga amsar Hajiya

Hajiya, gaskiya ɗaya ce: cikin duwatsun da yaronki ya tara, da wuya a samu ko guda na sama. Yawancin abin da ake kawowa marmara ce, ko kashin maƙera na tsofaffin wuraren narka tama, ko gatarin aradu, wanda shi kuwa makami ne da mutanen dā suka sassaƙa da hannu. Dutsen sama ya fi sauran duwatsu masu girmansa nauyi. Yana da siririn ɓawo baƙi ko ruwan ƙasa kamar an babbaka shi, wani lokaci da ƴan loɓa-loɓa kamar an danna yatsa cikin ƙullu. Mayen ƙarfe na kama mafi yawansu. In dutse na da ƙofofi kamar soso, ba shi ba ne. Duk da haka ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke iya tabbatarwa.

Ko an dace ma, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu faɗowa gama-gari ne, waɗanda in sun daɗe a hamada giram ɗinsu sau da yawa ba ya kai dala ɗari, wato 500 na sefa. Masu tsadar su ne na Mirrihi, da na wata, da irin na Zinder, samunsu kuwa sai an yi babbar sa'a. Saboda haka yaro ya koma rumfa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ku kuma yi hattara da wanda zai kawo muku dutse ya ce ku saya yau, gobe wani Bature zai ninka muku. Damfara ce tsohuwa da ta sake riga.

In kuwa Allah ya sa wani ya faɗo a gonarku kuna gani, ba ya da guba, ba ya kawo cuta. Kada a fasa shi, kada a wanke shi, kada a shafa masa mai. A ɗauki hotonsa da waya a inda yake kafin a ɗaga shi, a riƙe rana da lokaci da wurin, a sa shi cikin tsumma mai tsabta, a kira shaidu. A sanar da mai gari, sannan a nemi ma'aikatar ma'adinai ta jiha da malaman jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, kuma kada a yi yunƙurin ƙetare iyaka da shi ba tare da an san abin da doka ta ce ba. Dutsen da aka san ranar faɗuwarsa da wurinsa ya fi daraja wajen masana da wajen masu saye, kuma shi ne ke ɗaukar sunan garinku har abada, kamar yadda Zagami ta shiga littattafan duniya.

Kiranmu ga hukuma shi ne ta fito da ƙa'ida a fili, cikin harsunan da jama'a ke ji, wadda za ta faɗi rabon wanda ya tsinta, da rabon ƙasa, da inda za a kai dutse a gwada shi ba tare da tsoron za a ƙwace ba. Matuƙar talaka na tsoron nuna abin da ya samu, to dillalin dare ne zai ci gaba da ci. Muna kuma fatan wata rana ɗan makaranta daga Zermu ko Gure zai shiga gidan tarihi a ƙasarsa ya ga ɓallin Mirrihi da idonsa, ba sai a hoton waya ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu daren 13 ga Afrilu na 2029 lafiya, mu shimfiɗa tabarmi mu sha kallo tare. Amin.